Yadda Za Ka Yi Idan An Soke Jirginka, Kamfanin Kuma Ya Shiga Yawo Da Hankalinka

Karon farko da aka soke mini jirgi, a wani filin yada zango ne, cikin dare. Muna zaune a bakin ƙofar shiga, kowa da jakarsa a gabansa, sai layin jirginmu a allo ya rikiɗe ya koma ja. Ba wanda ya fito ya ce mana uffan. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta kashe kwamfutarta, ta nuna mana wata kanta can ƙarshen zaure, ta yi gaba abinta. Kafin in tattara kayana layi ya miƙe har ya yi kwana, ma'aikata biyu ne kacal a kantar. Wani dattijo da ke gabana, jikarsa na barci a kafaɗarsa, ya juyo ya miƙo mini wayarsa. "Ɗana, duba mini wannan. Sun turo saƙo, na danna inda suka ce a danna." Na duba. Ashe bauca, wato takardar da sai tikitin kamfanin kaɗai za a iya saya da ita nan gaba, ya karɓa a madadin tikitinsa. Na ce, "Baba, wannan da ka danna, a wurinsu ka fasa tafiyar ke nan." Ya yi shiru, ya gyara wa yarinyar kwanciya, bai ce komai ba.

Tun daga daren nan na gane cewa kamfanin jirgi ba ya buƙatar ya buɗe baki ya ce ba zai biya ka ba. Ya ishe shi ya bar ka a layi har ƙafarka ta sage, ya bar ka a waya kana sauraren kiɗa, ya turo maka amsar da ba ta taɓa tambayarka ba, har ka ce ka bar wa Allah. Mafi yawan haƙƙin fasinja gajiya ce ke cinye shi. Abu biyu ne ke ƙwato shi: abin da ka yi a sa'ar farko, da abin da ka riƙe a rubuce.

Minti goma na farko: kada ka danna komai

Saƙon da zai shigo wayarka yakan zo da maɓalli babba mai ɗaukar ido, na karɓar bauca ko amincewa da sabon jirgin da kwamfuta ta zaɓa maka. Ka dakata. Da zarar ka amince, a dokoki da dama an ɗauka ka zaɓi abinka da kanka, komawa baya kuma sai an sha fama. Haka nan kada haushi ya sa ka soke tikitin da hannunka. Idan kamfani ne ya soke, nauyi na kansa. Idan kai ka riga shi sokewa, ko da minti biyar ne, ka zama wanda ya fasa don ganin dama, sai ƙa'idar tikitinka ta hau kanka, wadda sau tari ba ta yarda a mayar da kuɗi ba.

Ka ɗauki hoton allon da ke nuna sokewar, da hoton saƙon, yadda lokacin da ya shigo zai fito sarai. Lokacin nan yana da muhimmanci, za ka ga dalili a gaba. Ka adana katin shiga jirgi da 'yar takardar da suka liƙa maka ta kaya. Ka rubuta lambobi biyu a wurin da ba waya ba, ko da a bayan rasit ne, don batir ba shi da amana a irin wannan dare: lambar tanadin kujera, mai haruffa da lambobi shida, da lambar tikiti, mai lambobi 13, wadda ukun farkonta ke nuna kamfanin da ya fitar da tikitin.

Yanke shawara: tafiya ko kuɗi

Kusan ko'ina zaɓi biyu ne: a mayar maka da kuɗinka, ko a sama maka wata hanyar isa inda za ka. Mutane da yawa zuciya ke ɗibarsu su ce a ba su kuɗinsu. Ka yi lissafi tukuna. Ranar da ka karɓi kuɗi, kamfanin ya wanke hannunsa daga kai: ba otal, ba abinci, ba neman kujera. Tikitin da za ka saya a daren kuma zai iya ninka wanda ka saya wata biyu baya, domin duk mutanen da ke layin nan su ma shi suke nema. Idan tafiyar ta zama dole, ka riƙe su da ƙarfi su kai ka. Idan kuwa abin da za ka je yi zai wuce kafin ka isa, kamar taro ko jana'iza, kuɗin ya fi maka amfani.

Ka buga ƙofa uku a lokaci guda

Ka shiga layi, amma kada ka tsaya kawai kana kallon ƙeyar na gabanka. Kana tsaye ka kira layin kamfanin, ka kuma buɗe manhajarsu ko shafinsu na intanet. Kujerun jirgin gobe ƙalilan ne, duk wanda ya fara samun ma'aikaci shi ke ɗauka. Idan layin ƙasar da kake ya cushe, manyan kamfanoni suna da lambobi a wasu ƙasashe, kuma ma'aikacin can yana ganin tikitinka kamar yadda na nan yake gani.

Kafin layi ya zo kanka, ka nemo mafita da kanka. Ka duba jiragen da ke zuwa inda za ka a daren ko da safe, na kamfanin da na wasu, har da masu bi ta wani gari, da masu sauka a filin da ke kusa. Ka rubuta lambobin jirage biyu ko uku. Ka fi mai da hankali kan kamfanonin da ke ƙawance ɗaya da naka, wato Star Alliance, oneworld ko SkyTeam, domin mayar da tikiti tsakaninsu ya fi sauƙi. Sai dai duk hanyar da za ta bi da kai ta wata sabuwar ƙasa, ka tabbatar fasfonka ba ya buƙatar bizar yada zango a can. An sha ba mutum tikiti a kanta, a tare shi a bakin jirgi saboda wannan.

Yanzu ga ka gaban ma'aikaciya. Ba ita ta soke jirgin ba, kuma mai yiwuwa mutum hamsin sun zazzage mata haushinsu kafin kai. Ina faɗar wannan ne don gaskiya ce, kuma don tana da ikon da ba a rubuta a ko'ina ba: tana iya duba hanya ɗaya ta ce babu, tana iya duba biyar. Ka gaishe ta, ka yi mata sannu da aiki, ka miƙa lambarka, ka faɗi buƙatarka a taƙaice: "An soke jirgi kaza. Na ga akwai kujera a jirgi kaza da safe. Don Allah a mayar da ni kansa." Mai zuwa da lambar jirgi a hannu ya rage mata rabin aiki. Idan ta ce ba ta da ikon sa ka a jirgin wani kamfani, kada ka yi musu da ita, ka roƙi ta kira shugabanta. A haka muka warware ta dattijon nan. Na tsaya tare da shi, muka bayyana cewa bai fahimci saƙon ba kuma bai taɓa baucar ba, shugabar ta zo ta soke ta, ta sa shi da jikarsa a jirgin rana.

Kada ka bar kantar sai ka duba abu uku. Na farko, an fitar da sabon tikitin, ba suna kawai aka rubuta a jirgi ba. Ka nemi a buga maka takarda ko a turo imel kana tsaye. Na biyu, sauran zangunan tafiyarka, musamman na dawowa, suna nan daram, domin idan kwamfuta ta ɗauka ba ka zo ba a zango ɗaya, takan share duk na bayansa. Na uku, kayanka: za a fito maka da su ne, ko za su bi sabon jirgin? Idan magungunanka na ciki, ka faɗa a fili ka nemi a fito da su.

Dalilin sokewar, a rubuce

Wannan ita ce tambayar da mutane suka fi mantawa, kuma a kanta diyya take rataye. Ka ce a rubuta maka dalilin soke jirgin. Idan an ƙi, ka rubuta da kanka abin da aka faɗa, da wanda ya faɗa, da ƙarfe nawa. Idan matuƙi ko ma'aikaci ya yi sanarwa, ka rubuta kalmominsa nan take. Dalilin da ake faɗa a filin jirgi da dare da wanda ake rubutowa a imel bayan wata guda ba kullum suke zama ɗaya ba.

Abin da ya sa haka shi ne dokoki sun raba sokewa gida biyu: wadda ke hannun kamfani, da wadda ta fi ƙarfinsa. Guguwa, hazo mai rufe filin jirgi, rufe sararin samaniya, matsalar tsaro, yajin aikin masu ba jirage hannu daga hasumiya, duk waɗannan sun fi ƙarfinsa. Amma ba duk abin da kamfani ya kira ƙaddara ba ne doka ta yarda. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2008, a shari'ar Wallentin-Hermann da kamfanin Alitalia, cewa lalacewar inji irin wadda ke tasowa a aikin yau da kullum ba ta wanke kamfani, domin kula da jirgi aikinsa ne. A 2021, a shari'ar da ta shafi kamfanin SAS, ta ce yajin aikin ma'aikatan kamfanin kansa shi ma ba uzuri ba ne. A ɗaya ɓangaren, a 2017 ta yarda cewa karo da tsuntsu ya fi ƙarfin kamfani. Kuma a dokar Turai, kamfani ne zai kawo hujjar uzurinsa, ba kai za ka ƙaryata shi ba.

Ga dabara ɗaya mai sauƙi. Idan an ce maka yanayi ne, ka kalli allo: sauran jiragen da ke bin hanyar suna tashi? Ka ɗauki hoto. Shafuka irin su Flightradar24 da FlightAware suna nuna inda jirgin da zai ɗauke ku ya kwana da ko ya iso. Wannan ba ya yanke hukunci shi kaɗai, domin yanayin wani gari na iya riƙe jirgin da zai zo, amma yana ba ka abin tambaya.

Ci, sha da wurin kwana

Ka tambayi takardar abinci da otal da motar zuwa otal. Sau da yawa akwai su, sai dai wanda ya tambaya ake ba. Idan an ce babu, ko kantar ta rufe ma'aikata sun watse, ka biya da kanka ka riƙe rasit na kowane abu, mai nuna abin da aka saya, ba takardar cirar kuɗi ta kati kaɗai ba. Ka tsaya a matsakaici. Otal na alfarma ba za a biya ka shi ba. A dokar Turai wannan kulawar ba ta faɗuwa ko da sokewar ta fi ƙarfin kamfani. Lokacin da dutse mai aman wuta ya tashi a Aisilan a watan Afrilun 2010 toka ta rufe sararin Turai na kwanaki, wata fasinja mai suna Denise McDonagh ta maƙale, ta kai ƙarar Ryanair kan kuɗin da ta kashe, kuma a 2013 Kotun Tarayyar Turai ta ce wajibin kula da fasinja yana nan komai girman bala'in.

Wace doka ce ke kanka

Ba ƙasar da ta ba ka fasfo ce ke yanke wannan ba. Inda jirgin ya tashi, inda zai sauka, da ƙasar kamfanin, su ne ma'auni.

Mafi ƙarfi ita ce dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004. Tana aiki kan duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, da Aisilan, Norway da Suwizalan, ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin da ke shiga can daga waje idan kamfanin na ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashen ne. Ta ba ka zaɓi tsakanin kuɗinka cikin kwana 7 da wata hanyar tafiya a dama ta farko, kuma ba a ba ka bauca a madadin kuɗi sai da amincewarka. Bayan wannan akwai diyya daban: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, 400 ga mai kilomita 1,500 zuwa 3,500 da duk doguwar tafiya a cikin Tarayyar, 600 ga wadda ta haura haka. Diyyar tana faɗuwa idan an sanar da kai aƙalla kwana 14 kafin tafiya. Idan tsakanin kwana 7 ne da 14, ba ta faɗuwa sai in sabon jirgin bai tashi fiye da awa 2 kafin lokaci ba kuma jinkirin isarsa bai kai awa 4 ba. Idan ƙasa da kwana 7 ne, iyakar ta koma awa 1 da awa 2. Ka ga amfanin hoton lokacin da saƙo ya shigo ke nan. Kamfani na iya rage rabin diyyar idan sabon jirgin ya kai ka da ɗan jinkiri kaɗan. Kuma idan tikiti ɗaya ne ya fara daga Turai, dokar na bin ka har zango na biyu ko da a wajen Turai matsalar ta faru, kamar yadda kotun ta yanke a 2018.

Birtaniya ta riƙe irin wannan dokar bayan ficewarta daga Tarayyar, da diyyar fam 220, 350 da 520. Amurka ba ta wajabta diyya ba, amma tun 2024 ƙa'idar Ma'aikatar Sufurinta ta ce idan an soke jirgi ba ka karɓi madadi ba, dole a mayar da kuɗinka ba sai ka roƙa ba, cikin ranakun aiki 7 idan da katin bashi ka biya, kwana 20 idan ta wata hanya ce. Kanada, a ƙa'idarta ta 2019, ta sa wa manyan kamfanoni diyyar dalar Kanada 400, 700 ko 1,000 gwargwadon jinkirin isa, idan laifin kamfani ne kuma ba don tsaron lafiyar jirgi ba. Ƙasashe irin su Indiya, Turkiyya, Saudiyya, Brazil da Najeriya kowacce na da nata ƙa'idar kare fasinja, kuma tana shafin hukumar sufurin jiragen samanta.

Akwai kuma wadda ba a cika sani ba, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda fiye da ƙasashe 130 suka shiga. Ta shafi tafiya tsakanin ƙasashe. Ba ta ba da tsayayyen kuɗi, amma sashe na 19 ya ɗora wa kamfani asarar da jinkiri ya jawo maka wadda za ka iya nunawa da takarda, sai in ya tabbatar ya yi duk abin da ya kamata. Tun ƙarshen Disamban 2024 iyakar ita ce 6,303 a ma'aunin SDR na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, sama da dalar Amurka 8,000. Otal da ka riga ka biya a can ba ka kwana ba, ko jirgin gaba da ya wuce ka, a nan ake neman su.

Idan ta hannun dillali ka saya

A nan ake yi wa mutane jeka-ka-dawo: kamfani ya ce je wurin ejan, ejan ya ce kamfani bai sako kuɗi ba. A ranar tafiya, kamfanin da ke tuƙa jirgin ne ke da alhakin sama maka hanya da kula da kai, diyya ma a wurinsa ake nema. Mayar da kuɗin tikiti ne yakan bi ta hanyar da ya zo. Ka nemi kamfani ya rubuto maka ko ya saki kuɗin da ranar da ya saki, ka tura wa ejan, ka haɗa su a imel ɗaya. Idan kuma tikiti biyu daban ka saya ka haɗa da kanka, kamfani na biyu ba ruwansa da abin da ya same ka a na farko. Ka kira shi tun kafin jirginsa ya tashi, domin sauya rana ya fi arha a kan a rubuta ba ka zo ba.

Takardar nema

Da ka isa ka huta, kada ka bari abin ya huce, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Daga nan komai ya koma rubutu. Ka bi ta fom ɗin ƙorafi na shafin kamfanin, domin shi ke ba da lambar ƙorafi, amma ka kwafe abin da ka rubuta kafin ka tura, don wasu fom ɗin ba sa maido maka da kwafi.

Na san zuciya na son ta zayyana duk wulaƙancin da aka sha. Ka bar shi zuwa layi ɗaya. Mai karantawa yana da ɗaruruwan irinta a gabansa, abin da yake nema shi ne lamba, rana, doka da adadi. Ka rubuta da harshen da kamfanin ke aiki da shi, amma ƙashin bayanta kamar haka ne:

"Ni ne fasinja mai tikiti lamba kaza, a jirgi kaza na ran kaza, daga gari kaza zuwa gari kaza. An sanar da ni sokewar da ƙarfe kaza na ranar. An ce dalili kaza ne. Na isa bayan awa kaza. Bisa doka kaza ina neman diyya kaza, da kuɗin otal da abinci kaza. Ga rasit a haɗe. A biya ta asusun banki, ban amince da bauca ba. Idan kun ce sokewar ta fi ƙarfinku, ku turo hujja. Ina jiran amsa cikin kwana 14, in ba haka ba zan kai wa hukuma."

Kowane fasinja da ke da tikiti yana da nasa haƙƙin, har yara, don haka ka jera sunan kowa. Ka buɗe shafi guda a littafi ko a waya, duk kiran da ka yi ka rubuta rana, lokaci, sunan wanda ya ɗauka da alkawarin da ya yi. Bayan kowane kira ka tura gajeren imel: "Kamar yadda muka yi magana yau, kun ce za a biya kafin ran kaza." Alkawarin baki ya zama takarda ke nan.

Sai ka shirya wa salonsu. Amsa ta farko sau da yawa haƙuri ce kawai aka bayar, ba a taɓa batun kuɗi ba; ka maimaita buƙatarka a kan lambar ƙorafin nan, kada ka buɗe sabo, don sabo yana mayar da kai ƙarshen layi. Za a iya yi maka tayin bauca ko makin tafiya "don kyautatawa". Ka karanta da kyau, domin wani lokaci karɓarta na nufin ka yafe sauran. Baucar tana da ranar mutuwa, wasu ba a ba wani, kuma idan kamfanin ya durƙushe ta tafi da shi. Ban ce kada a taɓa karɓa ba: idan ta fi kuɗin yawa sosai kuma ka tabbata za ka sake tafiya da su, ciniki ne mai kyau. Za a iya rufe ƙorafin ba a faɗa maka ba, ko a sake neman takardun da ka riga ka tura. Ka sake turawa, ka ambaci ranar da ka fara. Idan ma'aikacin waya ya cije kan abin da ka san kuskure ne, ka gode masa ka ajiye, ka sake kira. Na gaba na iya sanin aikin fiye da shi.

Idan sun yi kunnen uwar shegu

Mataki na gaba shi ne hukumar ƙasar da jirgin ya tashi, ko ya kamata ya tashi. A Amurka kamfani na da kwana 30 ya amsa cewa ya karɓi ƙorafinka, da kwana 60 ya ba da amsa ta ainihi, kuma kana iya kai ƙorafi ga Ma'aikatar Sufuri ta intanet. A Birtaniya, bayan mako 8 ba a warware ba, ko an ba ka amsar ƙarshe, akwai cibiyoyin sulhu irin su CEDR da AviationADR ga kamfanonin da suka shiga tsarinsu. A Kanada kamfani na da kwana 30 kafin ka wuce ga hukumar sufuri. Ƙorafin da ya biyo ta hukuma yakan sauka a teburin da ba na masu amsa waya ba, shi ya sa sau da yawa ake ganin motsi.

Idan kuɗin tikiti ne aka riƙe kuma da kati ka biya, bankinka ƙofa ce mai ƙarfi. Ka shigar da ƙorafin cewa ka biya kuɗin aikin da ba a yi ba, ka haɗa da saƙon sokewa da shaidar ka nemi kuɗin an ƙi. A tsarin Visa da Mastercard wa'adin yakan kai kwana 120, don haka kada ka bari kamfani ya ja ka da "muna dubawa" har ya wuce. Wannan hanyar ta kuɗin tikiti ce kawai, ba ta diyya ba. Inshorar tafiya, ko wadda ke liƙe da wasu katunan banki, takan biya abin da kamfani ba ya biya, amma za ta nemi takardar kamfani mai tabbatar da sokewar da dalilinta.

Rubutu a Facebook ko X yana sa a waiwaye ka da wuri. Ka faɗi gaskiya tsagwaronta, ba zagi, ba sunan ƙaramin ma'aikaci, kuma kada ka sa hoton katin shiga jirgi ko lambar tanadinka a fili, domin da ita da sunanka wani zai iya shiga tikitinka. Ka kula da asusun bogi masu kama da na kamfani da ke bin masu ƙorafi suna neman lambar kati. Kamfani na gaskiya ba ya neman lambar sirrinka don ya biya ka.

Akwai kamfanonin da ke bin diyya a madadinka, ba sa karɓar komai sai an ci nasara, amma sukan yanki kashi 25 zuwa 35 cikin 100, wani lokaci fiye idan an je kotu. Shawarata ka fara gwadawa da kanka, ka ajiye su sai an ƙi biyan ka kuma ba ka da halin bin shari'a a wata ƙasa. Kotun ƙananan ƙararraki, inda take, ba ta buƙatar lauya, kuma littafin nan da ka riƙa rubuta kira a ciki shi ne shaidarka.

Kowace ƙofa tana da ranar rufewa. Ƙara a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal shekara 2 ce daga ranar isa. Neman diyya a Kanada shekara 1. A dokar Turai kowace ƙasa da nata wa'adin: Jamus shekara 3, Faransa 5, Ingila kuma 6 a tata dokar. Idan kayanka ma sun makara a cikin rikicin, kwana 21 kake da su daga ranar da aka ba ka su ka rubuta ƙorafi, kwana 7 idan sun lalace. Ranar da ka tura takardar farko, ka buɗe kalandar wayarka ka sa ranaku uku: ranar cikar kwana 14, ranar da za ka wuce ga hukuma, da mako biyu kafin wa'adin banki ya ƙare.